Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Za Ki Ci, da Waɗanda Ya Zama Dole Su Sani

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya tana cewa an sa mata ranar tiyatar rage ƙiba nan da 'yan makonni, bayan ta shafe shekaru tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa, kuma ban da maigidanta babu wanda ya san da maganar. Tana so ta ji yadda rayuwar yau da kullum za ta kasance bayan an sallame ta daga asibiti, musamman ta fuskar cin abinci, sannan tana tambaya ko zai yiwu ta ɓoye wa abokan aiki da dangi ba tare da ta yi ƙarya ko ta cuci kanta ba.

Malama, Allah ya sa a yi a sa'a. Zai yiwu ki riƙe sirrinki, kuma haƙƙinki ne ki riƙe shi, domin dama ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba. Sai dai a aikina na kula da abincin waɗanda aka yi wa irin wannan tiyata, abin da na fi gani yana kai mutane ga wahala abu biyu ne: cin abin da cikinsu ba zai ɗauka ba don kada a gane su a gaban jama'a, da kuma faɗaɗa sirrin har ya shafi likitocin da ke duba su a kan wasu cututtukan. Idan kika tsare waɗannan ƙofofi biyu, sauran duk zaɓinki ne. Amma ba za ki fahimci dalilin tsare su ba sai kin san abin da za a yi wa cikin naki.

Ba ki faɗi irin tiyatar da likitanki ya zaɓa ba, don haka zan ɗauki biyun da suka fi yawa a duniya a yanzu. A ta farko, wadda ake kira silif, ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a cire shi gaba ɗaya, a bar wani siririn bututu da abinci zai riƙa bi, kuma ba a taɓa hanji. A ta biyu, wadda ake kira baifas, kuma wadda Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya fara yi a 1966, ana ware wata 'yar jaka a saman tumbi mai ɗaukar kimanin mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da kuma farkon hanjin. Tumbin babban mutum yakan ɗauki lita guda ko fiye a zama ɗaya, don haka kina iya ƙiyasta girman sauyin. Galibi ana yin duka biyun ne ta 'yan ƙananan huji a fatar ciki, waɗanda tufafi ke rufewa, kuma wannan ya sa tabo ba shi ne zai tona asirinki ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙanƙantar tumbi ce kaɗai ke sa a rame, alhali sinadaran da ke sarrafa yunwa da ƙoshi su ma suna sauyawa sosai. Sinadarin girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999 kuma yake tayar da yunwa, mafi yawansa yana fitowa ne daga sashen tumbin da ake cirewa a tiyatar silif, sannan sinadaran hanji masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, irin su GLP-1, suna ƙaruwa bayan cin abinci a tiyatocin biyu. Abin da wannan ke nufi a zahiri shi ne, a watannin farko kina iya wuni ba ki ji yunwa ba, kuma hakan ba alama ce ta cewa jikinki ba ya buƙatar abinci ba. Za ki riƙa ci ne da agogo, ko kin ji yunwa ko ba ki ji ba. Wannan sauyin sinadarai ne kuma ya sa suga kan sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin a ga wata rama, don haka dole likita ya sake duba adadin magungunan suga da na hawan jini da kike sha kafin ki bar asibiti.

Makonni shida zuwa takwas na farko lokacin warkewar ɗinki ne, kuma ana hawa ne mataki-mataki. Kowane asibiti yana da jadawalinsa, kuma na asibitinki ne za ki bi ko da ya saɓa da abin da kika karanta a nan, amma tsarin da aka fi sani shi ne kwana ɗaya ko biyu na ruwa da romo maras maiƙo, sai kimanin mako biyu na abin sha mai kauri kamar madara da garin furotin (sinadarin gina jiki) da aka dama, sai wasu makonni biyu na abincin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, sai abinci mai taushi kamar dafaffen ƙwai da kifi, kafin a koma ga abinci na yau da kullum. Kada ki tsallake mataki don kin ji ƙarfi a jikinki, domin fata kan warke kafin ɗinkin da ke ciki. Za a tashe ki ki yi tafiya tun a ranar tiyata ko washegari, saboda tafiya tana rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Mai aikin ofis yakan koma bakin aiki bayan mako biyu zuwa huɗu, amma ɗaga kaya masu nauyi sai bayan mako huɗu zuwa shida.

A wannan tsakanin akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: bugun zuciya mai sauri da ya haura 120 a minti ɗaya kina zaune, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa ko ciwo a kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, da amai da ya hana ko ruwa zama. Wasu daga cikinsu suna nuna cewa ɗinki yana yoyo, kuma saurin bugun zuciya yakan riga zazzaɓi bayyana. Ki tabbata maigidanki ya san waɗannan alamomi kamar yadda kika san su, domin mai ciwo ba koyaushe yake iya yanke shawarar tafiya asibiti da kansa ba.

Bayan an wuce matakan nan, abin da zai zauna da ke har abada shi ne salon cin, kuma a nan nake so ki fi ba da hankali. Loma za ta zama ƙarama, ki tauna ta har ta narke a baki, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma, ki ba kowane ci minti 20 zuwa 30, kuma idan lokacin ya cika ki tashi ko da saura. Furotin ake fara ci, wato nama mai laushi, kifi, ƙwai, wake ko madara, sannan ganyaye, sannan abinci mai sitaci idan akwai sauran wuri, wanda sau da yawa babu. Dalilin wannan jeri shi ne jikinki yana buƙatar aƙalla giram 60 na furotin a rana, wasu ma har 80 ko fiye, kuma idan bai samu ba sai ya riƙa cinye tsokarsa, ki rame amma ki rasa ƙarfi. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, don haka kina ganin cewa cika wannan adadi da ɗan ƙaramin tumbi aiki ne mai buƙatar shiri tun da safe. Burodi mai laushi, shinkafa, taliya da busasshen nama su ne suka fi tsayawa mutane a ƙirji a watannin farko, kodayake abin da ya ƙi ki yau yana iya karɓar ki bayan wata biyu, don haka a sake gwadawa a hankali. Ƙoshi ma zai sauya kama. Maimakon cikar ciki da kika saba ji, za ki ji nauyi a ƙarƙashin ƙashin ƙirji, wasu kuma sai shaƙuwa, gyatsa ko yoyon hanci su zo musu. Duk wadda ta zo miki, ita ce iyakarki, kuma loma ɗaya bayanta ta isa ta jawo ciwo da amai.

Ruwa yana da tasa doka. Kina buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma ba za ki iya ɗaga kofi ki shanye ba, sai dai kurɓa kaɗan-kaɗan daga safiya zuwa dare, kuma ba a haɗa ci da sha: ki dakata da sha dab da cin abinci, ki kuma jira kimanin minti 30 bayan kin gama. Ruwa a kan abinci ko dai ya cika ɗan wurin da ke akwai ya sa ki amai, ko ya wanke abincin ya tura shi hanji da wuri ki sake jin yunwa. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko, kuma fitsari mai duhu, ciwon kai da jiri su ne gargaɗinsa. Lemon kwalba da duk abin sha mai gas ki sallama musu.

Akwai kuma wata matsala da ta fi samun masu baifas, kodayake masu silif ma ba su tsira gaba ɗaya ba, wato kwararar abinci cikin hanji farat ɗaya. Idan aka ci abu mai zaƙi sosai ko mai maiƙo, yakan faɗa ƙaramin hanji ba tare da tumbi ya tsare shi ba, sai hanjin ya janyo ruwa daga jini, kuma cikin minti 10 zuwa 30 mutum ya ji zufa, bugun zuciya, jiri, murɗawar ciki da gudawa, har ya buƙaci kwanciya. Akwai nau'i na biyu da ke zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da jiki ya saki insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, fiye da kima saboda sugan da ya shiga jini da sauri, sai sugan ya faɗi, a ji rawar jiki, rauni da ruɗewa. Na kawo wannan dalla-dalla ne domin ya shafi tambayarki ta biyu kai tsaye: yankan kek ɗin da za ki karɓa a ofis don kada a ce kin canza, shi ne zai iya kwantar da ke a gaban mutanen da kike ɓoye wa.

Yanzu ga maganar sirri. Ki fara raba abin da za a iya ɓoyewa da wanda ba za a iya ba. Tiyatar kanta tana ɓoyuwa, amma ramar ba ta ɓoyuwa, domin yawancin mutane suna rasa kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu gaba ɗaya, kuma mafi saurin raguwar a watanni shida na farko ne. Mai kilo 120 da ta koma 85 cikin shekara guda ba za ta hana a yi magana ba. Wasu za su yaba, wasu za su tambaya, wasu kuma za su yi shiru a gabanki su je su ce wata muguwar cuta ce ke cin ki, ko kuwa zaman gidan ne babu daɗi. Wanda ya zaɓi sirri ya zaɓi ya jure wannan zato, kuma ya kamata ki auna tun yanzu wanne ya fi miki nauyi, a san an yi miki tiyata ko a riƙa yi miki kirdado. Babu amsar da ta dace da kowa. Na ga waɗanda suka faɗa wa kowa suka huta, na kuma ga waɗanda suka faɗa suka yi nadama, saboda daga ranar kowace loma tasu ta zama abin sa ido, kowa ya zama likita a kansu. Abu ɗaya tabbatacce shi ne maganar da ta fita ba ta komawa, yayin da wadda kika riƙe kina iya sakinta duk ranar da kika ga dama, don haka ga mai shakka na fi ba da shawarar ta fara da mutane kaɗan.

Ba kya buƙatar ƙarya ko kaɗan, kuma a naki yanayin ma abin ya zo da sauƙi. Idan aka tambaye ki, kina iya cewa kina ƙarƙashin kulawar likita saboda suga, an sauya miki tsarin cin abinci, kuma alhamdulillahi kina jin daɗin jikinki. Kowace kalma a nan gaskiya ce. Wanda ya matsa, ki ce masa magana ce tsakaninki da likitanki, ki yi murmushi ki sauya zance. Ki zaɓi jimla ɗaya ki tsaya a kanta, ku kuma daidaita da maigidanki, domin yawan bayani da sauya labari su ne ke jawo bincike. A wurin aiki, abin da shugabanki ke buƙatar sani shi ne tsawon hutun da za ki ɗauka da kuma ayyukan da ba za ki iya yi ba na ɗan lokaci, kuma kina iya roƙon likitanki ya rubuta takardar hutun ba tare da ya fayyace irin tiyatar ba, gwargwadon yadda dokar wurin aikin ta yarda. Ki kuma yi hattara da dandalin sada zumunta: shiga zauren masu irin wannan tiyata a Facebook yana da amfani ƙwarai, amma ki duba ko wasu na iya ganin sunanki a jerin mambobi.

Wurin da sirri ke zama haɗari shi ne inda ake cin abinci tare. Mai masauki ya cika miki faranti, yana kallo, yana cewa ai ba ki ci komai ba, ke kuma kunya da tsoron a gane ki su sa ki ƙara loma biyu, ki kora da abin sha don ta wuce. Wannan shi ne ainihin abin da na ce ki guje wa. Ki shirya kafin ki fita: ki ci ɗan furotin ɗinki a gida idan ba ki san abin da za a kawo ba, ki zuba wa kanki da hannunki a duk inda hakan zai yiwu, ki zaɓi abin da kika riga kika gwada a gida, domin taro ba wurin gwajin sabon abinci ba ne. Ki ci a hankali kina hira, kuma za ki yi mamakin yadda mutane ba sa lura da yawan abin da wani ya ci matuƙar cokali yana hannunsa. A gidan cin abinci ki nemi ƙaramin kaso ko ki sa a ƙunshe miki saura. Idan kuma aka takura miki har ya zama zaɓi tsakanin ki ɓata wa mai masauki rai da ki yi amai, to ki ce likita ya hana, ki tsaya a nan. Ɓacin ran na ɗan lokaci ne, amma yawan cika tumbi da amai a kai a kai suna iya jawo matsalar da za ta daɗe.

Sai waɗanda ba ki da izinin ɓoye musu, kuma a nan ba na sassautawa. Duk likitan da zai duba ki, ko a kan haƙori ne ko ciwon baya, da duk mai harhaɗa magungunan da zai ba ki magani, dole su san an yi miki tiyata kuma su san irinta, har ƙarshen rayuwarki. Magungunan kashe raɗaɗi irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake rubutawa kullum ga mai ciwon gwiwa kamarki, suna iya haddasa gyambo a wurin da aka haɗa jakar tumbi da hanji, don haka ana hana masu baifas shan su, kuma asfirin ma sai da izinin likita. Shan taba yana ƙara wannan haɗari. Ƙwayoyin da aka tsara su riƙa narkewa a hankali cikin sa'o'i ba lallai su yi aiki yadda ya kamata ba bayan an gajarta hanyar abinci. Sannan ciwon ciki mai tsanani ga mai baifas, ko bayan shekara biyar ne, yana iya zama hanji ne ya shige wani gurbi da tiyatar ta bari ya murɗe, abin da ke buƙatar tiyatar gaggawa, kuma likitan da bai san tarihinki ba zai iya ɗaukar sa a matsayin ciwon ciki na yau da kullum ya ba ki magani ya sallame ki. Saboda haka ki ajiye ɗan kati a jakarki mai ɗauke da irin tiyatar, shekarar da aka yi ta da lambar asibitin. Ina kuma ba ki shawara ki ƙara mutum ɗaya amintacce bayan maigidanki, domin maigidan naki yana iya yin tafiya a ranar da za ki buƙaci wanda zai yi magana a madadinki. Ma'aikatan lafiya suna ƙarƙashin ƙa'idar riƙe sirrin majiyyaci, don haka faɗa musu bai zama fallasa ba.

Bitamin ma ba na ɗan lokaci ba ne. Tumbi ne ke samar da sinadarin da ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12, kuma farkon ƙaramin hanji, wanda baifas ke tsallakewa, shi ne inda aka fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Don haka za a ɗora ki a kan haɗaɗɗen bitamin kullum, da kalsiyam kimanin miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana a rarrabe, da bitamin D, da B12, da sinadarin ƙarfe musamman ga mace mai ganin al'ada, kuma a bar tazarar awa biyu tsakanin ƙarfe da kalsiyam domin suna hana juna shiga jiki. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jiki yana da ajiyar B12 ta shekaru, sai mutum ya daina shan magani ya ga babu abin da ya faru, sannan bayan shekara biyu ko uku ƙarancin jini, kasala da dindiris a ƙafafu su bayyana. Bitamin B1 kuwa akasin haka ne, ajiyarsa ta 'yan makonni ce kawai, kuma mai amai ba ƙaƙƙautawa yana iya rasa shi har ya taɓa masa ƙwaƙwalwa da idanu. Gwajin jini a kai a kai a shekarar farko, sannan sau ɗaya kowace shekara, shi ne ke kama waɗannan tun ba su yi nisa ba. Na lura masu ɓoyewa sun fi saurin barin zuwa asibiti da shan bitamin, saboda kowace ziyara da kowace kwalbar magani tana buƙatar bayani a gida, don haka ki tsara yadda za ki ci gaba da su tun yanzu.

Idan kina cikin shekarun haihuwa, ki sani cewa rama takan dawo da damar ɗaukar ciki da sauri, har ga matan da suka daɗe suna nema, kuma ana so a jinkirta ciki wata 12 zuwa 18 har nauyi ya tsaya. Ƙwayoyin tazarar haihuwa na haɗiya ba abin dogaro ba ne sosai bayan baifas, don haka ki tattauna wata hanyar da likita kafin tiyata. Idan cikin ya zo, ki sanar da masu awo tun ranar farko, domin gwajin suga da ake yi ta hanyar shan ruwa mai zaƙi yana iya jefa ki cikin kwararar abincin da na bayyana.

Akwai ƙananan abubuwan da gara ki ji su daga yanzu. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, kuma yakan dawo idan furotin da sinadarin ƙarfe sun wadata. Za ki riƙa jin sanyi fiye da da, bayan gida zai iya yin tauri, masu silif kan yi fama da ƙwannafi, kuma saurin rama yana iya haifar da duwatsu a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin rigakafi na wata shida. Fata za ta saki a hannu, ciki da cinya, kuma ba a maganar tiyatar cire ta sai nauyi ya daidaita. Barasa tana shiga jini da sauri ƙwarai bayan wannan tiyata, kuma haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa, musamman bayan baifas.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na zuciya. Wanda ya saba huce haushi ko kaɗaici da abinci zai wayi gari an rufe masa wannan hanya, damuwar kuwa tana nan inda take. Zamantakewa ma takan motsa: wani bincike da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2018 ya nuna cewa bayan irin wannan tiyata, waɗanda ba su da aure sun fi samun abokin zama, masu aure kuma rabuwa ta fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba, sai don in ce maigidanki, wanda shi kaɗai ke ɗauke da sirrin tare da ke, yana buƙatar a riƙa zama da shi ana magana, kuma ya raka ki asibiti ko sau ɗaya ya ji bayani daga bakin likita. Idan baƙin ciki ya daɗe ko kika ji rayuwa ta fita daga ranki, wannan ma abin kai wa likita ne cikin gaggawa.

Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 da 18, yunwa ta fara dawowa, tumbi ya ɗan ƙara ɗauka, kuma ƙaruwar wasu kilo bayan haka abu ne da aka saba gani. Abin da ya fi mayar da ƙiba shi ne ciye-ciye kaɗan-kaɗan duk wuni da kuma abin sha mai zaƙi, waɗanda ke wucewa ba tare da ƙaramin tumbi ya tsayar da su ba. Idan kika ga sikeli yana hawa, ki koma asibiti da wuri maimakon ki ɓuya don kunya, domin akwai gyaran abinci da magunguna da ake iya ƙarawa.

Saura wata tambaya da ba ki yi ba amma za ta same ki. Wata rana wata mai fama da ƙiba da suga kamar yadda kike a yau za ta ja ki gefe ta tambaye ki tsakani da Allah yadda kika yi. A ganina, wannan ce kaɗai inda amsar “na gyara cin abincina” ke daina zama kawaici ta koma cutarwa, domin za ta tafi ta gwada, ta kasa, ta ƙara ɗora wa kanta laifin rashin ƙoƙari. Ba dole ba ne ki buɗe mata komai, amma kada ki bar ta da tunanin cewa rage ci da tafiya kaɗai suka yi wannan aiki. Kuma idan tsoron a ce kin bi hanya mai sauƙi ne ke riƙe ki, ki tuna cewa wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi mutane sama da 4,000 tsawon shekaru, ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun yi ƙasa a cikin waɗanda aka yi wa tiyata, sannan a 2016 manyan ƙungiyoyin masana ciwon suga na duniya suka amince da ita a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin maganin ciwon suga nau'i na biyu ga masu ƙiba. Kina iya ce wa wannan baiwar Allah cewa kin samu taimakon likitoci masu kula da ƙiba, akwai magunguna da tiyata da ake yi, ki kuma ba ta shawarar ta nemi ganin ɗaya daga cikinsu ya duba abin da ya dace da ita.